Taurari Biyar a Ƙofar Gida: Yadda Mai Saye Ke Auna Ingancin Dakon Gayya a Cinikin Intanet

Cinikin intanet ya raba abubuwa biyu waɗanda kasuwar gargajiya ta saba haɗawa a zama ɗaya, wato ƙulla ciniki da karɓar kaya. Wanda ya shiga Kantin Kwari neman atamfa yakan taɓa ta, ya ɗaga ta a haske, ya taya, a sallama masa, ya biya ya saɓa kayansa ya fita, amma wanda ya saya ta waya hoto kawai ya gani, kuma tsakanin lokacin da kuɗinsa suka fita da lokacin da kaya za su shiga hannunsa akwai tazarar sa'o'i ko kwanaki wadda babu abin da ke cike ta sai alkawari. Masana harkar jigila suna kiran tafiyar da kaya ke yi daga sito na ƙarshe zuwa ƙofar mai saye da sunan zangon ƙarshe, kuma ko da yake shi ne mafi gajarta a dukan tafiyar, yana cikin mafi tsada, domin jirgin ruwa ko tirela kan kwashi dubban ƙunshi zuwa wuri guda, alhali a zangon ƙarshe kowane ƙunshi da tasa ƙofar. Wani rahoton kamfanin Capgemini na shekarar 2019 ya kiyasta cewa wannan zango kaɗai yana cin kashi 41 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa wajen kai kaya daga tushe zuwa mai saye. Abin da wannan lacca ta sa a gaba shi ne hukuncin da mai saye ke yankewa a ƙarshen wannan zango, musamman idan wanda ya kawo kayan ba ma'aikacin kowa ba ne, da kuma tambayar da ba a cika yi ba, wato a kan wa hukuncin ke faɗawa.

A shekarar 2006 ne ɗan jarida Jeff Howe ya ƙirƙiri wata kalmar Turanci a mujallar Wired domin bayyana yadda kamfani ke ɗaukar aikin da ma'aikatansa suka saba yi ya shelanta shi ga jama'ar da bai sani ba, duk mai so ya ɗauka. Kalmar Hausa mafi kusa da wannan ma'ana ita ce gayya, don haka za a kira wannan tsari na kai kaya da sunan dakon gayya, tare da lura cewa kamar ba ta cika ba: a gayyar noma maƙwabta ne ke taruwa, an san juna, kuma ladan aiki shi ne fura da tuwo da tabbacin ramawa, amma a dakon gayya baƙi ne ke amsa kira ta manhajar waya, kowa da motarsa ko babur ɗinsa, a biya shi kan kowane aike ko kan sa'o'in da ya zaɓa, gobe kuma yana iya ƙin fitowa ba tare da ya ba kowa hanzari ba. Daga cikin masu wannan tsari, Instacart ya fara a San Francisco a 2012, Roadie a Atlanta da Dada a Shanghai sun biyo baya a 2014, Amazon ya buɗe shirinsa na Flex a Seattle a 2015, Walmart kuma ya fara Spark a 2018. Manyan kamfanoni ba su tsaya kallo ba, domin Target ya sayi Shipt a kan dala miliyan 550 a ƙarshen 2017, UPS kuma ya sayi Roadie a 2021. Dalilin wannan rububi a fili yake: oda ba ta zuwa daidai wa daida, takan yi ambaliya a lokutan bukukuwa ta ja baya a sauran kwanaki, kuma kamfanin da ya dogara ga gayya ba ya sayen mota, ba ya zuba mai, ba ya biyan albashin ranar da babu aiki.

Kafin a kai ga ƙofar mai saye, ya kamata a san ma'aunan da masana suka tanada. Ingancin kaya abu ne da ake iya gwadawa da sikeli ko tef, amma ingancin hidima, wato aikin da ake yi wa mutum wanda ba ya iya riƙe shi a hannu, ba ya wanzuwa sai a lokacin da ake yin sa, kuma alƙalinsa shi ne wanda aka yi wa. Richard Oliver ya nuna a 1980 cewa gamsuwa ba ta fitowa daga kyan aiki tsagwaronsa, tana fitowa ne daga gwada abin da mutum ya samu da abin da ya sa rai zai samu, ta yadda aiki ɗaya zai iya faranta wa wani ya ɓata wa wani. Christian Grönroos na ƙasar Finland ya ƙara a 1984 cewa mai saye yana auna abubuwa biyu, abin da aka ba shi da kuma yadda aka ba shi. Sai Parasuraman da Zeithaml da Berry suka fitar a 1988 da ma'aunin da ya fi kowane shahara, mai suna SERVQUAL, wanda ke da tambayoyi 22 a ƙarƙashin rukuni biyar: abubuwan da ido ke gani kamar tufafi da kayan aiki, cika alkawari, saurin amsa buƙata, kwanciyar hankalin da ma'aikaci ke sa wa mutum ta iliminsa da ladabinsa, da kuma kulawa da halin kowane mutum shi kaɗai. A fagen jigila kuwa, Mentzer da Flint da Hult sun tsara rukuni tara a 2001, ciki har da isowa a kan lokaci, da daidaiton abin da aka kawo da abin da aka nema, da lafiyar kayan, da yadda ake warware saɓani.

Sai dai dukan waɗannan ma'aunai suna tsaye ne a kan wani zato da ba a faɗa ba. An gwada SERVQUAL a kan banki, da kamfanin katin bashi, da kamfanin gyaran kayan gida, da kamfanin tarho, wuraren da kamfani ne ke ɗaukar ma'aikaci, ya horar da shi, ya ɗinka masa riga, ya kore shi idan ya saɓa, saboda haka idan mai saye ya yi hukunci a kan ma'aikaci, kamfanin ya hukunta, kuma hukuncin ya faɗa inda ya dace. Dakon gayya ya warware wannan ƙulli. Mai kanti ne ya sayar da kaya, dandalin manhaja ne ya yi alkawarin lokaci ya kuma zaɓi hanya, amma fuskar da mai saye zai gani ta wani mutum na uku ce, wanda wataƙila bai taɓa haɗuwa da kowa daga cikin biyun farko ba, bai san abin da ke cikin kwalin ba, kuma ba shi ne ya yanke lokacin da aka ɗora masa ba.

Abu na farko da mai saye ke dubawa shi ne lokaci, kuma a nan ake yawan kuskuren ɗaukar sauri a matsayin ma'auni. Idan aka bi bayanin Oliver, kayan da aka ce za su zo cikin kwana uku suka zo a rana ta biyu sun fi faranta rai a kan waɗanda aka ce za su zo cikin sa'a ɗaya suka zo bayan sa'a biyu, duk da cewa na biyun sun riga na farkon isowa nesa ba kusa ba, domin mai saye ya riga ya tsara yininsa a kan maganar da aka faɗa masa, ya fasa fita, ya jinkirta girki, ko ya tsayar da yaro a ƙofa. David Maister, a wata maƙala ta 1985 kan halin mutum a layin jira, ya lura cewa jiran da ba a san iyakarsa ba ya fi tsawo a zuciya a kan wanda aka san ƙarshensa, haka kuma jiran da ba a bayyana dalilinsa ba ya fi wanda aka bayyana cin rai. Wannan shi ne asalin ƙaramar taswirar da manhajoji ke nunawa, inda ake ganin alamar mota ko babur tana rarrafe a kan titi. Ba ta ƙara wa ɗan aike gudu ko kaɗan, abin da take ragewa shi ne zulumi. Ryan Buell da Michael Norton na Jami'ar Harvard sun nuna a 2011 cewa mutane kan ƙara daraja hidima idan suna ganin aikin da ake yi musu, har su fi son jiran da ake nuna musu ƙoƙari a cikinsa a kan sakamakon nan take wanda ba su ga wahalarsa ba.

Amma taswirar kaifi biyu gare ta, kuma wannan ya fi fitowa a dakon gayya. Domin rage kuɗi, manhaja takan haɗa wa mutum ɗaya oda biyu ko uku a fita guda, sai mai saye ya zura ido yana kallon ɗan aikensa ya wuce mararrabar unguwarsu ya nufi wani wuri, ko ya tsaya cik na minti goma a wata ƙofar da ba tasa ba. Abin da lissafin manhaja ya ɗauka a matsayin tattali, mai kallo yakan karanta shi a matsayin yawo ko raini, kuma tun kafin a ƙwanƙwasa ƙofa an riga an zare tauraro ɗaya ko biyu. Ke nan bayani rabi yana iya fin rashin bayani ɓarna, tunda ya nuna motsin ɗan aike ya ɓoye umarnin da ya sa shi motsin.

Abu na biyu shi ne kayan kansu, ko su ne aka nema, ko sun cika, ko sun iso lafiya. A nan motar gida da ba a ƙera ta don dako ba, ko jakar goyo a kan babur, ba za ta yi gogayya da motar kamfani mai kanta da sanyi ba, kuma ƙwai da kwalba da daskararren nama su ne ke fara tona asirin wannan bambanci. Lamarin ya fi sarƙaƙiya a cefane, inda a tsari irin na Instacart da Shipt ɗan aiken ne ke shiga kanti ya zaɓo kayan da hannunsa, ya zama wakili a saye, ba ɗan dako kawai ba. Idan abin da aka nema ya ƙare, shi ne zai yanke shawarar musanyawa, kuma duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa sayen tumatir ya san cewa zaɓe ilimi ne da ba a rubuta shi a takardar cefane. Mai saye a nan ba isarwa kaɗai yake aunawa ba, hankali yake aunawa, kuma saƙo ɗaya da aka turo daga cikin kanti ana tambayar ko a ɗauko wani iri a madadin wanda ya ƙare yakan yi nauyi a sikelinsa fiye da minti ashirin na sauri. Akwai kuma saɓani tsakanin isarwa da karɓa: a Amurka, inda ake ajiye kwali a bakin ƙofa a ɗauki hotonsa, manhaja takan rufe littafinta da zarar hoton ya shiga, alhali a wurin mai saye aiki bai ƙare ba sai kayan sun shiga ɗaki, kuma idan ɓarawo ko ruwan sama ya riga shi, hoton da kamfani ke kira hujja shi a ganinsa dabarar wanke kai ce.

Abu na uku, wanda ya fi bambanta dakon gayya da tsohon tsari, shi ne mutumin. Rigar aiki da mota mai tambari ba ado ba ne kawai, lamuni ne, suna gaya wa mai gida cewa akwai wanda ya tsaya wa wannan baƙo, akwai inda za a kai ƙara. Idan aka cire su, abin da ya rage shi ne motar da ba a sani ba ta tsaya a ƙofa bayan magariba, wani ya fito da kwali a hannu. Masu dandali sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta hanyar tura wa mai saye sunan ɗan aike da hotonsa da makinsa tun yana hanya, sai dai binciken da Ha Ta da Terry Esper da Adriana Rossiter Hofer suka wallafa a 2018 ya gano wani abu mai tayar da hankali, cewa bayyana ko wane ne direban yana ƙara yarda da gamsuwa da niyyar sake saye ne a inda mai saye ya ga direban ya yi kama da shi, musamman ta fuskar launi da ƙabila. Ma'anar wannan ita ce wani kaso na abin da ake tattarawa da sunan ingancin hidima ba aiki yake aunawa ba, son nasa ne da ƙyamar bare, kuma kamfanin da ya mayar da makin masu saye alƙalin da ke ba da aiki ko hana shi ya shigo da wariyar da doka ta hana shi yi da kansa ta ƙofar baya. Bayan wannan, sauran abin da ake aunawa a jikin mutum ƙanana ne kuma sanannu: gaisuwa, tsabta, bin umarnin da aka rubuta kamar kada a danna ƙararrawa saboda jariri, da haƙurin hawa bene. Haɗuwar ba ta wuce minti ɗaya, amma ita ce ta ƙarshe, kuma aikin Daniel Kahneman da abokan bincikensa ya nuna cewa mutum kan tuna abin da ya faru da shi ne ta lokacin da ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare.

Daga nan ake isa ga tsakiyar matsalar. Valerie Folkes ta nuna a 1984 cewa fushin mai saye idan abu ya lalace ya dogara ne ga wanda ya ɗora wa laifi, da kuma ko yana ganin mai laifin na da ikon kauce masa. A dakon gayya masu hannu uku ne, amma akwatin hukunci sau da yawa ɗaya ne, kuma yana buɗewa ne a wayar mai saye daidai lokacin da ɗan aike ya juya baya, da hotonsa a sama da taurari biyar a ƙasa. Kantin da ya yi jinkirin haɗa kaya, da siton da ya saka takalmi mai lamba 42 a madadin 44, da manhajar da ta yi alkawarin minti talatin a lokacin cunkoso, duk ba su da fuska, don haka wanda ke da fuska shi ke ɗauka. Hausawa sun daɗe da sanin irin wannan rabo, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wani lokacin kuma akasin haka ke faruwa, ɗan aike ya yi rashin ladabi mai saye ya ƙaurace wa kantin da bai san hawa ba bai san sauka ba, wanda ya sa ƙananan 'yan kasuwa ke jin tsoron miƙa sunansu ga hannun da ba su zaɓa ba. Masu dandalin da ke raba tambaya, a tambayi kaya daban, a tambayi isarwa daban, sun rage ɓarnar, amma mutumin da ransa ya ɓaci ba kasafai yake tsayawa rarrabe laifi ba.

Su kansu taurarin ba su faɗin abin da ake zaton suna faɗa. Chris Nosko da Steven Tadelis, da suka duba bayanan kasuwar eBay, sun samu cewa matsakaicin makin yabo na masu sayarwa ya haura kashi 99 cikin ɗari, Georgios Zervas da abokansa kuma sun samu cewa kusan kashi 95 cikin ɗari na gidajen Airbnb suna da taurari huɗu da rabi ko biyar. Idan kowa ya ci jarrabawa da irin wannan maki, jarrabawar ta daina bambanta gwani da ɗan koyo. Dalilan hauhawar ba ɓoyayyu ba ne. Wanda bai ji daɗi ba sau da yawa shiru yake yi ya sauya kanti, wanda ya san cewa tauraro huɗu na iya jawo wa wani rasa abincinsa yakan ba da biyar don tausayi, kuma a harkar kai kaya gida akwai ƙarin dalili da ba a cika furtawa ba, wato wanda za a ba maki ya san ƙofar mai ba da makin. Sakamakon shi ne ma'auni mai hawa biyar ya koma mai hawa biyu, biyar na nufin babu komai, duk abin da ya gaza haka kuma tuhuma ne, kuma kamfanin da ke son sanin gaskiyar zuciyar masu sayensa zai fi samun ta a kalmomin da suka rubuta a ƙasan taurari, da yawan kiran ƙorafi, da ko sun dawo sun sake saye.

Gyaran ɓarna, wato abin da ake yi bayan kaya sun ɓata ko sun fashe, shi ne inda dakon gayya ya fi rauni. Ɗan aike ba shi da ikon mayar da kuɗi, kanti yakan ce kaya sun bar hannunsa lafiya, dandali kuma yakan haɗa mai ƙorafi da na'ura mai amsa saƙo, ta yadda mutum zai yi ta zagaye tsakanin uku yana maimaita labari ɗaya. Mai sauraro zai iya tambaya me ya hana kamfanoni horar da 'yan gayyar sosai su ba su riga da ƙa'idoji, kuma amsar tana cikin dokar ƙwadago. Ribar tsarin ta dogara ne ga ɗaukar ɗan aike a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa, kuma gwargwadon yadda kamfani ya tsananta iko a kan yadda ake aiki, gwargwadon yadda yake tara wa kotu hujjar cewa ma'aikacinsa ne mai haƙƙin albashi da hutu. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019 da ta ƙuntata wannan rabe-rabe, kamfanonin manhaja suka kashe sama da dala miliyan 200 wajen neman ƙuri'ar jama'a da ta keɓe su daga dokar a Nuwamban 2020, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a Fabrairun 2021 cewa direbobin Uber suna da haƙƙoƙin ma'aikata, Sifaniya kuma ta yi dokar masu kai kaya a shekarar ta 2021. Wannan ne ya sa taurari suka zama abin da suka zama: kamfani ya miƙa wa mai saye aikin sufeto, kyauta, domin shi kansa ba ya son a gan shi riƙe da bulala.

Kuɗin dako ma yana shiga sikeli, kuma ya shiga ta hanyar da ta karkatar da tsammani. Tun da Amazon ya fara shirin Prime a 2005, inda a lokacin ake biyan dala 79 a shekara a riƙa kawo kaya cikin kwana biyu ba tare da ƙarin caji ba, masu saye da yawa suka saba da ɗaukar dako a matsayin abin da ba shi da farashi, alhali wani ne ke biya a wani wuri. Duk da haka ba daidai ba ne a ce mai saye bai damu da ɗan aike ba. A 2019 kamfanin DoorDash ya sauya tsarinsa bayan jama'a sun fusata da gano cewa tukuicin da suke bayarwa ana lissafa shi ne cikin kuɗin da kamfani ya yi alkawarin biya, kuma a 2021 Amazon ya amince ya biya dala miliyan 61.7 domin sasantawa da Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka kan zargin riƙe tukuicin direbobin Flex. Mai bayar da tukuici yana ɗaukar sa a matsayin amana tsakaninsa da wanda ya wahala, kuma gano cewa an karkatar da shi yana ɓata masa hidimar da ta riga ta wuce lafiya.

Hukuncin mai saye ba ya tsayawa a matsayin rahoto, yakan koma ya sassaƙa aikin. Kamfanin Domino's ya janye alkawarinsa na kawo abinci cikin minti talatin a Amurka a 1993 bayan shari'o'in haɗurran da direbobinsa suka yi. A ƙasar Sin, inda kamfanonin Meituan da Ele.me suka riƙa amfani da miliyoyin masu babur, ciki har da 'yan gayya, mujallar Renwu ta wallafa wani dogon rahoto a Satumban 2020 da ya nuna yadda lissafin manhaja ke ta rage lokacin da ake ba ɗan aike, shi kuma yana keta danja yana bin hannun da ba nasa ba don gudun tara da mummunan maki, sannan manhajar ta ɗauki wannan gudun a matsayin shaidar cewa lokacin ya isa, ta sake ragewa. Martanin Ele.me shi ne ƙara wani maɓalli da mai saye zai danna ya ce ya yarda ya jira ƙarin minti biyar ko goma, abin da mutane da yawa suka soka a matsayin tura wa mai saye nauyin da kamfani ya ƙirƙira, kuma a Yulin 2021 hukumomin ƙasar suka fitar da ƙa'idojin da suka nemi a sassauta matsin lokacin.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin tun kafin manhaja ana aika saƙo ta hannun direban da dama tafiyar ta kama shi, a kai ƙunshi tasha, a rubuta lambar waya a jikinsa, a biya ɗan kamasho, a kira mai karɓa a faɗa masa lambar mota. Bambancin shi ne lamunin wannan tsari mutane ne: direba yana da tasha, tasha tana da shugabannin ƙungiya, kuma wanda kayansa suka salwanta ya san bencin da zai je ya zauna. Da kamfanonin Jumia da Konga suka fara a 2012, sai suka tarar da jama'ar da ba ta yarda da cinikin biri a sama ba, don haka biya bayan kaya sun iso ya zama ginshiƙin kasuwar, wanda ya mayar da ƙofar gida wurin yanke hukunci na gaske, tunda a nan mai saye ba tauraro yake ragewa ba, kayan yake mayarwa, ɗan aike kuma ya koma da asarar mai da lokaci. Tsarin ya kuma sa ɗan aike yawo da kaya masu tsada da tsabar kuɗi, kuma kisan wani mai kai kayan Jumia a Fatakwal a Maris ɗin 2017 ya tuna wa kowa cewa fargabar baƙo ba a gefe ɗaya take ba. Dokokin gari ma sun yi tasiri, domin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, Legas kuma ta hana shi a manyan sassanta a Fabrairun 2020, abin da ya tura kamfani irin Gokada daga ɗaukar fasinja zuwa kai kaya.

Ma'aunan da aka tsara a Amurka ba sa kama wasu abubuwan da mai saye a Kano ko Zariya ko Maraɗi ke dubawa. A unguwannin da lambar gida ba ta aiki, kwatance ne adireshi, bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi, gida mai jar ƙofa, saboda haka iya sauraron kwatance, da jin harshen mai kwatancen, da rashin ƙosawa a kira na huɗu, suna cikin ainihin ingancin hidima. A gidan da maza ba sa shiga, ɗan aiken da ya yi sallama ya tsaya a zaure ya jira a turo yaro ya cika aikinsa, wanda kuwa ya kutsa kai ya ɓata shi ko da ya riga lokaci. Yawancin matan da ke sayar da atamfa da turare da kayan kicin ta WhatsApp da Instagram sun gano wannan da kansu, shi ya sa idan suka dace da mai babur ko mai a-daidaita-sahu mai amana sukan ajiye lambarsa su riƙa kiransa kai tsaye, masu sayensu ma su san shi da suna, har a riƙa ba shi kuɗin kaya ya kai ba tare da an ƙirga a gabansa ba. Masu dandali ba sa son wannan, domin duk cinikin da ya fita daga manhaja kamashonsa ya fita tare da shi, amma buƙatar ta fi ƙarfin a yi watsi da ita, kuma a Amurka ma Shipt ya ƙara wani tsari a 2021 wanda ke ba mai saye damar sanya ɗan cefanen da ya gamsu da shi a jerin waɗanda ya fi so, domin manhaja ta fara miƙa masa odar wannan gida kafin sauran 'yan gayya.